Daga Kofa zuwa Rahama Sadau: abin da muke karɓa daga hannun 'yar fim

A kakar shekarar 2016 yayana ya kira ni a waya, ya ce idan na sami sarari ranar Asabar in leƙo gida, akwai maganar da ba ta waya ba ce. Na san irin wannan kira a gidanmu. Ko dai wani ya kwanta rashin lafiya, ko zancen aure ya taso, ko kuma wani ya ɗauko abin da zai sa a riƙa nuna mu da baki a gari. Na hau mota daga Kano muka miƙi titin Zariya, na sauka inda na saba sauka tun ina ɗalibar makarantar koyon aikin jinya, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ƙauyenmu da ke ƙasar Bebeji. Dawa ta sunkuyar da kai, ana ta yankan shinkafa a fadama. Ko ruwan da aka kawo mini ban gama sha ba, ya ce 'yarsa ta fari, wadda ta gama sakandare a shekarar, ta buɗe baki ta ce fim take so ta shiga.

"Ke ce take jin maganarki," in ji shi. "Ki je ki yi mata bayani irin naku na 'yan boko. Ni idan na fara da baki, hannu ne zai ƙarasa."

Na same ta a ɗakin mahaifiyarta, idanunta sun yi ja. Ban yi mata faɗa ba. Na zaro wayata na nuna mata labarin Rahama Sadau, wadda makonni kaɗan kafin nan ƙungiyar MOPPAN ta masu shirya finafinai ta sanar da korarta daga masana'antar Kannywood. Na karanta mata abin da mutane suke rubutawa game da ita, ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko mafi muni ba. Na ce mata, wannan fa ita ce ta fi kowa tashe, ga yadda aka yi da ita, ke 'yar wace ce? Yarinyar ta yi shiru tana murza bakin mayafinta. Da na gama ta ce, "To, Gwaggo, na bari." Na koma Kano a yammacin ranar ina jin na sauke nauyin zumunci.

Shekaru sun shuɗe, har yanzu kuma ban kai ga cewa shawarar da na ba ta kuskure ce ba. Abin da yake damuna shi ne hujjar da na kafa, da matar da na mayar dodon tsoratar da yara. Daga baya aikina ya kai ni inda na ga wata fuskar lamarin, ita nake so mu duba tare a wannan mako.

Akwai dalilin da ya sa yarinyar ƙauye a Bebeji ta yi wannan tunani a wannan shekara takamaimai. A tsakiyar 2016 Hukumar Finafinai ta Nijeriya ta sanar da cewa gwamnatin tarayya za ta gina alƙaryar fim a Kofa, mahaifar Abdulmumin Jibrin, ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Kiru da Bebeji. An ambaci naira biliyan 3 da fili hekta 20, da wurin koyar da ɗaukar hoto, da zauren kallo, da masauki. A wurin yarinyar lissafin ba shi da wuya. Abin da ake barin gida dominsa, a je Kano a kama haya a zama abin zargi, ga shi zai zo bakin ƙofa, mutum ya tafi da safe ya dawo kafin magariba. Ba a je ko'ina ba malamai suka hau mumbari, kafofin sada zumunta suka ɗauki zafi, kafin watan Yuli ya fita aka ji daga bakin Kawu Sumaila, mai taimaka wa shugaban ƙasa kan harkokin majalisa a lokacin, cewa an janye aikin.

Ina cikin waɗanda suka yi murna, ba zan ɓoye ba. Hujjar da ta fi kama ni ma ta ruwa ce. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, a ƙaramar hukumarmu take, amma na tashi ina ganin mata da yara suna dogon zango da rani neman na sha. Na ce biliyan uku ta fi dacewa da rijiyoyi da ɗakunan haihuwa. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, kuɗin da aka ware wa fim ba sa rikiɗa su zama rijiya don kawai an fasa fim. Kasafin gwamnati ba haka yake aiki ba, ni kuwa ma'aikaciyar gwamnati ce, ya kamata a ce na sani.

An haifi Rahama Sadau a Kaduna ranar 7 ga Disamba, 1993. Ta shigo masana'antar a 2013 ta hannun Ali Nuhu, fim ɗin Gani Ga Wane kuma shi ya fito da ita. Wanda ya kalli finafinanta na farko zai tuna abin da ya ware ta daga tsara. Ta iya irin rawar da masana'antar ta aro daga Indiya, tana jin harshen Hindi, tana da Turanci, kyamara kuma ba ta sa ta sunkuyar da kai. Cikin shekara uku ta hau sahun gaba. Sai ga bidiyon waƙar I Love You ta ClassiQ, mawaƙin gambarar zamani, inda ta fito a matsayin mai sayar da kaya a kasuwa, aka ga sun riƙe hannu, sun rungumi juna. A farkon Oktoban 2016 aka kore ta, tana da shekara 22.

Bisa yadda aka saba, nan ya kamata labarin ya ƙare. Jarumar Kannywood gajeren zango gare ta. Takan yi 'yan shekaru tana tashe, sannan aure ya ɗauke ta, ko wata badaƙala ta binne ta. Masana'antar ta faro da Turmin Danya a 1990, ta sami sunanta a mujallar Tauraruwa a 1999, kuma tun daga nan mazan da suka yi fice suna tsufa a cikinta da mutuncinsu. Ali Nuhu, wanda muka sani tun zamanin Sangaya, a Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wato hukumar da ta so gina alƙaryar Kofa. Matan da suka fito tare da shi a wancan zamani kuwa, sai mai dogon tunani ne zai iya lissafa inda kowacce ta shiga. A 2007, lokacin da bidiyon sirrin wata jaruma ya yaɗu a wayoyi, ita ce ta ɓuya, sunanta ne ya zama abin zagi a bakin yara, masana'antar gaba ɗaya ta shiga ƙunci a hannun Hukumar Tace Finafinai ta Kano ƙarƙashin Abubakar Rabo. Namijin da ya ɗauki bidiyon, yau mutum nawa ne za su iya tuna sunansa?

Rahama ba ta ɓace ba. Tana cikin korar ta shirya Rariya a 2017 a ƙarƙashin kamfaninta, Sadau Pictures, fim a kan rayuwar 'yan matan jami'a. Ta nemi afuwa, aka ɗage mata takunkumin a farkon 2018. Ta fito a Sons of the Caliphate na tashar EbonyLife, da Up North wanda aka ɗauka a Bauchi, da MTV Shuga Naija, inda ta taka rawar malamar makaranta a shirin da ya taɓo tazarar haihuwa da lafiyar matasa. Ta je Arewacin Cyprus ta yi digiri. Ta shirya Mati a Zazzau a 2020. A 2022 ta fito a fim ɗin Indiya, Khuda Haafiz kashi na biyu. Shekara talatin ana yi wa Kannywood gorin kwaikwayon Indiya, sai ga 'yar Kaduna a cikin na asalin.

A tsakanin nan akwai watan Nuwamban 2020, wanda har yau idan na tuna shi nakan ji wani iri. Ta wallafa hotunanta sanye da rigar da ta bar bayanta a buɗe. Ni ma da 'yata ce zan ce ta cire. Amma a cikin masu tofa albarkacin baki wani ya rubuta kalaman ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), sai fushin jama'a ya tsallake marubucin ya sauka a kanta. Ta goge hotunan, ta nesanta kanta da kalaman, ta fito a bidiyo tana kuka tana ba da haƙuri a kan maganar da ba ita ta rubuta ba. Na kalli bidiyon a ɗakin hutun ma'aikata, na tuna ranar da na karanta wa 'yar yayana irin waɗancan kalmomi da bakina.

Sai dai abin da ya fara juya mini tunani ya riga wannan faruwa, kuma a ƙasar Doguwa ne. A 2019 aikin wayar da kan mata kan zuwa awon ciki ya kai mu can. Wanda bai san yankin ba, daga Kwanar Dangora ake barin titin Zariya, a bi ta Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore da shingayen jami'an tsaronsa, sannan ƙasa ta fara tashi, duwatsu su bayyana ta wajen Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Ƙauyen da muka sauka ba shi da lantarki, wanda yake son kiran waya sai ya hau kan dutse. Amma kusan kowace matar aure tana da ƙaramar waya cike da finafinai, waɗanda ake turo musu ranar kasuwa a wurin masu cajin waya. Na yi awa guda ina bayani da allon hotuna, rabinsu suna gyangyaɗi. Da wata abokiyar aikina ta kawo misali da wani fim da mace ta rasu wajen haihuwa a gida, sai zauren ya farka. Sun san sunan jarumar, sun san abin da uwar mijin ta ce, har gardama suka yi a kan wanda ya fi laifi.

Da aka watse wata tsohuwa ta riƙo hannuna ta ja ni gefe.

"'Yar nan, ke da kike birni, kin san Hadiza Gabon?"

Na ce a fim dai na san ta, Iya. Ta ce 'yarta ce ta haɗu da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, mijin ya maido ta gida, ita kuma ta ji a bakin jikokinta cewa Hadiza tana biya wa marasa lafiya kuɗin magani. Ba ta tambaye ni kansila ba, ba ta tambaye ni shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa ba. Na yi mata bayanin cewa akwai cibiyar da ake wannan aiki a Asibitin Murtala da ke Kano, muka shirya yadda za a kai yarinyar. Muna sallama, sai tsokana ta kama ni, na nuna jikarta da ke raɓe a jikinta na ce, to Iya, idan wannan ta girma ta ce ita ma irin aikin Hadiza za ta yi fa?

Ta saki hannuna. "Allah ya kiyaye! Ai mu ba mu gaji wannan ba."

Na yi dariya a lokacin. A mota, muna ratsa Falgore da la'asar, dariyar ta gushe, domin na gane ni da tsohuwar nan matsayinmu ɗaya. Ita ta faɗa a sarari, ni na lulluɓe nawa da boko.

Ku duba yadda manyan jaruman mata suke da gidauniyar taimako. Hadiza Aliyu, wadda aka haifa a Libreville ta ƙasar Gabon a 1989, ta kafa HAG Foundation a 2016. Mansurah Isah, wadda ta bar fitowa a fim bayan aurenta da Sani Danja a 2007, ta dawo idon jama'a da Today's Life Foundation, tana bin lunguna tana nemo marayu da marasa lafiya da waɗanda ɗaki ya rushe a kansu. Rahama tana da Ray of Hope. Ban shiga zuciyar kowacce ba, ba ni kuma da hujjar zargin niyyarsu. A aikina na ga abin da naira dubu ashirin take yi a daren da ake neman jini, don haka ba na raina buhun shinkafa ko kuɗin tiyata, ko daga hannun wa suka fito. Maganata a kan yadda mu muke karɓa ne.

Idan attajiri ya raba hatsi da azumi, addu'ar da ake yi masa ita ce Allah ya ƙara arziki. Idan ɗan siyasa ya raba, a ce Allah ya maimaita. Idan 'yar fim ta raba, sai ka ji ana Allah ya sa kaffara ce, Allah ya shirye ki, Allah ya kawo miji nagari. Wato a wurinmu kyautarta biyan bashi ce. Mun riga mun yanke cewa sana'arta laifi ce, saboda haka duk alherin da ta yi sai mu zuba shi a ma'auni mu rage mata nauyi, ba tare da mun taɓa yarda bashin ya ƙare ba. A daren da muka karɓi buhun kuma, fim ɗinta za mu kunna mu kalla da iyalanmu.

Wannan ciniki yana da sharaɗi guda da ba a rubuta ba, shi ne ta miƙo hannu, bakinta kuma ya zauna a rufe. A watan Afrilun 2022 Nafisat Abdullahi, wadda jama'a suka sani da Sumayya a cikin Labarina, ta rubuta a Twitter cewa iyaye su daina haihuwar 'ya'yan da ba za su iya kula da su ba, tana nuni da ƙananan yaran da ake turawa bara. Ana iya saɓa mata a kan lafazi, ana iya cewa ta haɗa almajirancin neman ilimi da sakacin iyaye a kwando ɗaya. Amma muhawarar ba ta daɗe a kan yaran ba. Mawaƙi Naziru Sarkin Waƙa ya mayar da martanin cewa idan ana neman 'ya'yan da iyayensu suka kasa riƙewa, a masana'antar fim za a same su, jama'a kuma suka bi wannan layi. Cikin kwana biyu tambaya ta tashi daga wa zai ciyar da yaro ɗan shekara shida ta koma wace ce ita da za ta yi magana. Da Nafisat tukunyar abinci ta kai tsangaya, da an sa mata albarka.

Watanni biyu kafin wannan, dattijuwa Ladin Cima, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana wasan kwaikwayo tun zamanin talabijin, ta shaida wa BBC Hausa cewa sau da yawa abin da ake sallamarta da shi a fim bai wuce naira 2,000 zuwa 5,000 ba. Wasu masu shirya finafinai sun musanta, wasu mutane sun tausaya sun kai mata gudummawa. Maganar da ta tayar kuwa ta haƙƙi ce, wato nawa ya kamata a biya tsohuwar da ta wuni a wurin ɗaukar fim, wa zai rubuta yarjejeniyar, wa zai tilasta a cika. Wannan ba a daɗe a kanta ba. Mu mutane ne masu saurin sadaka, kuma abin yabo ne, amma sau da yawa sadakar takan zo daidai lokacin da za a fara zancen haƙƙi, ta rufe shi.

Tunda da finafinan Indiya muka tashi, bari in ɗauko misali daga can. Masu shekaruna za su tuna Shabana Azmi a cikin Amar Akbar Anthony na 1977. Ta fara da Ankur a 1974, ta ci lambar jarumar jarumai ta ƙasar Indiya har sau 5. A 1986 ta shiga yajin cin abinci tare da talakawan da aka rushe wa matsuguni a birnin Bombay, tana neman a ba su wani filin. A 1997 aka naɗa ta 'yar majalisar dattawan ƙasar. Ta sha zagi da barazana, musamman bayan fim ɗin Fire, kuma akwai ra'ayoyinta da ba zan taɓa bi ba. Abin lura dai shi ne, ba abinci ta kai wa mutanen nan ta dawo gida ba, zama ta yi a cikinsu ta fuskanci hukuma. Ta iya yin haka ne domin ta shigo fili da jarin mutunci. Mahaifinta, Kaifi Azmi, babban mawaƙi ne da ake girmamawa, ta yi makarantar koyon fim ta gwamnati da ke Pune, al'ummarta kuma ta yarda cewa wasan kwaikwayo sana'a ce da ake koyo. 'Yar fim ɗin Hausa da bashi take farawa. Kafin ta ce uffan a kan auren wuri ko bara ko fyaɗe, sai ta fara kare kanta a kan dalilin da ya sa take waje, ba a ɗakin miji ba.

Saboda haka idan aka ce gwagwarmayar jarumanmu ba ta da zurfi, ta tsaya a rabon kaya da ɗaukar hoto, akwai gaskiya a ciki. Ni kaina ina ƙyamar yadda ake haska fuskar mara lafiya a kyamara kafin a miƙa masa taimako. A asibiti an koya mana rufa wa majiyyaci asiri, ban ga dalilin da zai sa talauci ya cire masa wannan haƙƙi ba. Rahama Sadau kuma ba Gambo Sawaba ba ce, ba ta ma taɓa cewa ita ce ba. Amma ambaton Gambo yana tuna mini wani abu. Ita ma, lokacin da take yawo da tutar NEPU tana neman a ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, an ɗaure ta sau da dama, an kore ta daga Kano, kuma sunan da aka fi jifan matan da suka shiga siyasa da shi a wancan zamani ba na ladabi ba ne. Ta rasu a 2001. Yau babban asibiti a Zariya sunanta yake ɗauke da shi, 'ya'yan waɗanda suka zage ta suna kai matansu haihuwa can.

Ban kawo wannan don in ce damuwar malamai ba ta da tushe ba. Akwai abin gyara a Kannywood, daga rawar da ba ta da alaƙa da labari zuwa halin da yarinya takan shiga kafin a sa ta a fim, wanda su kansu 'yan masana'antar sukan yi ƙorafi a kai. Yayana ba jahili ba ne da ya ji tsoro. Tambayar ita ce me yake gyara sana'a. A nan ina da abin faɗa daga rayuwata. Lokacin da na sami gurbin karatun jinya, wata gwaggona ta zo har gida ta ce wa mahaifinmu zai tura 'yarsa aikin kwana a waje da taɓa jikin maza, babu mai aurenta. Ba ita kaɗai take da wannan ra'ayi a lokacin ba. Yau mutanen garinmu idan sun kawo matansu asibiti, abin da suke fara tambaya shi ne ko akwai ma'aikaciya mace. Wa'azi bai sauya ba, addini bai sauya ba. Abin da ya faru shi ne aikin ya sami makaranta da ɗakin kwanan ɗalibai mai mai gadi, ya sami jarrabawa da lasisi da albashi da hukumar da za a kai wa ƙara, har uba ya iya sanin inda 'yarsa take da wanda yake da alhakinta. Ba zan rantse cewa alƙaryar Kofa za ta zama haka ba, domin mun ga gine-ginen gwamnati da suka zama gidan jemagu. Amma ita ce ta fi kusa da wannan hanya cikin duk abin da aka taɓa kawo mana, muka kore ta, sana'ar kuma ta ci gaba a inda take, a ɗakunan haya da otal-otal, inda uba ba ya gani.

Idan aka tambaye ni yau mene ne babban aikin da Rahama ta yi wa al'umma, ba gidauniyarta zan fara ambata ba. Zan ce an kore ta tana da shekara 22 ta ƙi ɓacewa, ta koma makaranta, ta kafa kamfani, ta ɗauki mutane aiki, ta yi kuskure a bainar jama'a ta ba da haƙuri a bainar jama'a, ta kuma tashi washegari ta tafi wurin aiki. Yaran da suke kallo daga Kiru da Doguwa sun ga cewa mace tana iya faɗuwa a idon duniya ba tare da rayuwarta ta ƙare ba. Ni kuwa rabin farko na labarin na nuna wa 'yar yayana, domin a lokacin shi kaɗai ne ya faru.

Tana aure yanzu a Tudun Wada, 'ya'yanta uku, tana sarin shinkafa tana ɗinki. Mijinta mutumin kirki ne, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Bayan ƙaramar sallar da ta wuce na kai mata ziyara. Muna cikin hira ta ɗauko waya ta nuna mini wani ɗan wasan kwaikwayo da ta tsara wa 'yan matan Islamiyyar unguwarsu, za su gabatar a gaban iyaye mata ranar walimar sauka. Labarin wani magidanci ne da ya hana matarsa zuwa awo. Ita ta rubuta, ita take koya musu tsayuwa da ɗaga murya, ta ma san inda za ta sa abin dariya don kada tsofaffi su gaji. Na kalla har ƙarshe, na ga ya fi allon hotunan da nake yawo da shi.

"Gwaggo," ta ce, tana karɓar wayar, "kin ga waccan da kika nuna mini a ɗakin Umma? Har Indiya fa ta je."

Babu gori a muryarta. Na ce na gani. Na buɗe baki zan ƙara wani abu, sai ƙaramin ɗanta ya kifar da kofin kunu, ta tashi neman tsumma. Daga tsakar gida ta ɗago murya ta ce akwai ma'aikaciyar asibiti a cikin wasan, ba su da kayan da za ta sa, ko ina da tsohuwar farar riga da na daina amfani da ita. Na ce akwai guda biyu a ƙasan akwati, sai dai za su yi wa yarinya yawa. Ta ce in aiko kawai, za ta rage su a keke.